Aron Dabara Domin Lissafin Lafiyar Jama'a

Jawabi ga Hakimai da Magatakardansu a kan al'amarin unguwannin Kaduna na kudancin kogi

 Maganar wannan jawabi ita ce ta lissafin lafiyar jama'a, watau yadda a ke sanin yawan waɗanda aka haifa, da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, da cutar da ta shigo gari, da yaran da allurar rigakafi ba ta kai gare su ba. Yau wannan fanni ya zama ilmi mai zaman kansa, ana karanta shi a jami'a, ana kuwa aikinsa da kwamfuta da wayar hannu. Amma wanda ya bi salsalarsa zai tarar kaɗan ne cikin dabarunsa likitoci suka ƙaga da kansu. Galibi aro aka yi, daga wurin ɗan kasuwa, da masaƙi, da ma'aikacin reluwe, da malamin haraji, har da mai kashe gobarar daji. Dalilin da ya sa ya kamata Hakimi ya san gidan da aka aro kowace dabara shi ne, dabara ta kan zo da halin gidansu, mai kyau da maras kyau, wanda bai san halin nan ba kuwa sai takarda ta ruɗe shi.

Da wuya a sami wurin da ya fi kudancin Kaduna dacewa da wannan bayani, gama yawancin gidajen da aka yi aron suna nan a jere. Ga babbar tashar jirgin ƙasa inda hanyar Gabas ta zo ta Kafanchan ta haɗu da ta Ikko a 1927, shekara goma bayan an ɗauke hedkwatar Arewa daga Zungeru an kawo ta Kaduna. Ga Kakuri, inda aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957, waɗansu masaƙu suka biyo bayanta, sa'an nan a 1975 aka buɗe ma'aikatar harhaɗa motar Peugeot. Masaƙar farko ta rufe a 2002, babbar maƙwabciyarta ta tsaya a 2007, amma mutanen da aikin ya jawo ba su koma ba, sun hayayyafa, gari ya miƙa daga Makera da Barnawa da Nasarawa har ya wuce Narayi da Sabon Tasha da Unguwar Romi da Gonin Gora. Duk mutanen nan suna haihuwa, suna ciwo, suna zuwa asibitin Gwamna Awan ko na St. Gerard a Kakuri, ko na Sabon Tasha, ko wata ƙaramar ɗakin shan magani ta unguwa. Tambaya ita ce, wa ya san adadinsu?

Daga kanti da masaƙa

A birnin London akwai wani ɗan kasuwa, John Graunt, mai sayar da kayan ɗinki. A zamaninsa a kan buga takarda ko wane mako mai nuna yawan waɗanda suka mutu da abin da ya kashe su, mutane su duba su ga ko annoba ta ƙaru, su jefar. Shi sai ya tattara na shekaru masu yawa, ya zauna ya yi musu irin lissafin da ɗan kanti ya ke yi wa hajarsa, abin da ya shigo da abin da ya fita. A 1662 ya buga abin da ya gano, a ciki har da cewa ana haihuwar maza fiye da mata kaɗan, kuma cikin yara 100 wajen 36 ba su kai shekara shida. Ba likita ba ne, bai warkar da kowa ba, amma daga littafinsa aka fara gane cewa rai da mutuwa na gari suna da ƙa'idar da alƙalami ya ke iya kamawa.

Sunayen cututtuka ma haka. Masanan tsiro ne suka fara jera itatuwa dangi dangi, likitoci suka kwaikwaye su suka jera cututtuka. A 1893 aka karɓi jerin da wani Bafaranshe, Jacques Bertillon, ya tsara na abubuwan da ke kashe mutane, domin abin da aka rubuta a wannan ƙasa ya yi daidai da na waccan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi ragamar jerin a 1948, bugu na goma sha ɗaya kuwa ya fara aiki a 2022. Saboda haka ne malamin asibiti ba ya rubuta "zazzaɓi" kawai ya wuce in yana da halin tantancewa, gama zazzaɓin cizon sauro gidansa dabam, na taifot dabam, na Lassa dabam.

Labarin da ya fi shafar mutanen Kakuri shi ne na masaƙa. A birnin Lyon na Faransa, wajen 1804, Joseph Jacquard ya ƙera masaƙa wadda ba ta bukatar yaro ya tsaya yana ɗaga zare domin a fitar da zane. Sai ya huhhuje katuna ya jera su kamar carbi. Inda akwai huji, ƙugiya ta wuce ta ɗaga zare. Inda babu, zaren ya kwanta. Ƙoshiya ta ratsa, ado ya fito. Ashe ke nan ana iya rubuta umurni da huji da rashin huji, na'ura ta karanta. Bayan shekara tamanin sai ga Amurka ta shiga wahalar ƙidaya, domin ƙidayarta ta 1880 ta ci kusan shekara takwas kafin a gama tattara lissafinta. Wani likitan soja, John Shaw Billings, wanda ke kula da sashen mace-mace na ƙidayar, ya ce wa wani saurayi injiniya, Herman Hollerith, lalle ya kamata a sami na'urar da za ta yi wannan aiki da kati. Hollerith kuma ya taɓa lura da yadda mai duba tikiti a jirgin ƙasa ya ke huje gefen tikiti domin ya nuna kamannin mai shi, dogo ne ko gajere, namiji ko mace, don kada wani ya hau da tikitin wani. Ya haɗa dabarar nan da ta kati mai huji, ya ba ko wane mutum katinsa, lantarki ya bi ta hujin ya motsa agogon ƙirga. Abin lura shi ne, inda aka fara gwada na'urar nan lissafin mace-mace ne na birnin Baltimore, wajen 1886, kafin a yi ƙidayar 1890 da ita. Kamfaninsa ne ya haɗu da waɗansu a 1911, aka sa masa suna IBM a 1924. Saboda haka kwamfutar da ke gaban jami'in lissafi na Makera yau jikar masaƙa ce ta wajen uwa, jikar reluwe ta wajen uba.

Katin asibiti shi ma daga ofishin 'yan kasuwa ya fito. Dā ko wane likita da littafinsa, in majinyaci ya ga likita uku labarinsa ya rabu uku. A 1907 Likita Henry Plummer na asibitin Mayo a Amurka ya duba yadda kamfanoni ke ajiye takardunsu, ya kawo tsarin mutum ɗaya, lamba ɗaya, fayil ɗaya. Nan Nijeriya kuwa, a ƙauyen Imesi-Ile na ƙasar Ijesha, Likita David Morley ya fito da katin awon yara a ƙarshen shekarun 1950, ya kuma yanke shawarar da ta ba mutane mamaki a lokacin, ya ce uwa ce za ta riƙe katin a gida. Katin rigakafin da mata ke ƙullewa a leda a ƙarƙashin katifa daga nan ya samo asali.

Littafin haraji

Wannan shi ne aron da Hakimai suka fi kowa sani, gama a hannun kakanninsu aka karɓe shi. Bayan dokar kuɗin ƙasa ta 1906 da kafa baitulmali a ƙasashen sarakuna, sai ƙidaya ta zama aikin shekara shekara. Mai unguwa ya faɗa wa dagaci, dagaci ya kai wa Hakimi, malamin haraji ya rubuta gida gida, a kai wa Sarki. Babu wani tsari a ƙasar nan da ya taɓa sanin talaka da sunansa da na ubansa da ƙofar gidansa kamar wannan. Shi ya sa da ciwon barci ya yi tsanani a Lardin Zazzau da kewaye a shekarun 1930, ma'aikatan lafiya ba su nemi wata sabuwar hanya ba. Ta hannun Hakimi da dagaci a ke tara mutanen gari, a shafa wuyan kowa a nemi kaluluwa, wanda aka samu da cutar a rubuta shi a yi masa allura. Ta wannan hanya kuma aka yi aikin Anchau da aka fara a 1937, aka sare kurmin da tsando ke zama a fili mai tsawon mil 70 da faɗin mil 10, aka kafa garin Takalafiya.

To, amma littafin haraji ya zo da halaye biyu marasa kyau. Na fari, idonsa yana kan baligi namiji da saniya, su ne masu kawo kuɗi, alhali kuwa aikin lafiya idonsa yana kan jinjiri da mai ciki, waɗanda malamin haraji bai damu ƙwarai da daidaiton adadinsu ba. Na biyu ya fi muni: ya koya wa talaka cewa duk wanda ya zo da alƙalami yana tambayar mutum nawa ne a gidan nan, wani abu zai karɓa. Bafillace ya kora rabin garke daji, magidanci ya ce ɗansa bai balaga ba. A 1979 Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a Jihar Kaduna, talakawa suka yi murna, suna da dalili kuwa. Sai dai ƙidayar shekara shekara ta bi harajin ta tafi, tsoron alƙalami kuwa ya zauna. Ma'aikaciyar rigakafi da ta yi sallama a wani gida aka ce mata babu yara, ga kuwa takalmansu a bakin zaure, wani ɓangare na abin da ta gamu da shi gādon wancan littafi ne.

Masu kashe gobara

A watan Disamba na 1966 agana ta ɓulla a ƙasar Ogoja, a Gabas, ga shi maganin lamba bai isa a yi wa kowa ba. Akwai wani likita Ba'amurke a wurin, William Foege, wanda tun yana ɗalibi ya kan yi aikin kashe gobarar daji lokacin hutu. Ya san mai kashe gobara ba ya bin daji duka yana zuba ruwa. Inda wutar ta ke ya ke nema, ya share ciyawar da ke kewaye da ita, ta rasa abin ci ta mutu. Sai ya aika ta rediyon 'yan mishan a bincika ƙauyukan da cutar ta ke, aka yi wa mutanensu lamba, aka bi danginsu da kasuwannin da su ke ci aka yi musu, annobar ta tsaya tun ba a yi wa rabin jama'a ba. Dabarar nan ta mai da labari ya zama shi ne rabin magani, domin wanda bai san inda wuta ta ke ba ba shi da abin da zai kewaye. A 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a Nijeriya, a 1980 aka shelanta duniya ta rabu da ita.

Daga masu kashe gobarar California kuma aka aro tsarin ɗaki ɗaya, shugaba ɗaya, inda ma'aikatu dabam dabam ke zama tare kullum safiya su dubi lissafin jiya su yanke shawarar yau. A 2012 aka buɗe irin wannan ɗaki a Abuja domin yaƙi da shan inna, daga baya aka buɗe a jihohi, har da Kaduna. Da Ebola ta shigo Ikko ranar 20 ga Yuli 2014, mutanen wannan tsari aka ɗebo, aka bi sawun duk wanda ya taɓa majinyaci har kwana 21, cutar ta tsaya a kan mutum 20, takwas suka rasu, ranar 20 ga Oktoba aka ce ƙasa ta tsarkaka. Bayan wannan ne masana na Nijeriya da na Jamus suka haɗu suka ƙera manhajar SORMAS, wadda jami'in sa ido kan cututtuka ke aika rahoto da ita ta waya.

Rabon Hakimi a nan a bayyane ya ke. Jami'in yana ofis, mai unguwa ne ke jin kukan gida. Yaro da bai kai shekara 15 ba in ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya, ko mutum biyu uku suka kwanta da amai da gudawa a layi ɗaya, ko aka ga sanƙarewar wuya da zazzaɓi lokacin bazara, ƙa'ida ita ce labari ya isa cikin awa 24. Game da yaron da ƙafarsa ta saki, ana so a ɗebi bayan gidansa sau biyu cikin kwana 14 a kai ɗakin bincike na Ibadan ko na Maiduguri, in an makara kuwa gwajin ya raunana. Wani mai unguwa ya kan ɓoye don kada a ce unguwarsa ce ta ɓata wa Hakimi suna. Wannan kuskure ne babba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Hakimin da ya tsauta wa mai kawo mugun labari kuwa ya toshe kunnen kansa.

Mai duba dila

Duk wanda ya yi aiki a masaƙun Kakuri ya san ba a warware ko wace dila a auna. A kan zari kaɗan a duba, in aibin ya wuce ƙa'ida a mayar da kayan duka. Waɗansu masana biyu na kamfanin wayar tarho a Amurka, Dodge da Romig, su suka tsara lissafin wannan a shekarun 1920. Daga 2009 aka shiga amfani da shi a Nijeriya wajen auna aikin ɗigon shan inna. Bayan an gama zagaye, sai waɗansu mutane dabam, waɗanda ba su cikin masu ɗigon, su zaɓi unguwa shida a ƙaramar hukuma ta hanyar ƙuri'a, su duba yara goma a ko wace, jimla 60. Abin da su ke dubawa shi ne tawada a ɗan ƙaramin yatsan hagu, ita ma aro ce daga rumfar zaɓe, kamar yadda rubutun alli a bangon gida aro ne daga masu ƙidaya. In waɗanda ba su da tawada ba su wuce uku ba, aiki ya karɓu. In sun kai tara ko fiye, an fāɗi, sai a koma. Da wannan, da taswirar unguwanni da aka zana daga hoton tauraron ɗan adam, da kuma tsayuwar sarakuna tun da aka kafa kwamitinsu a 2009 a ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, aka kai ga ranar 25 ga Agusta 2020, ran da aka shaida Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Ba a daina ɗigon ba bayan wannan rana, domin akwai wani nau'in ƙwayar mai ɓulla inda yaran da aka yi wa rigakafi suka yi ƙaranci.

A nan ma akwai inda zanen aro bai rufe katara ba. Dila ba ta san za a duba ta ba, ma'aikaci kuwa ya sani. In aka matsa wa mutum cewa tawada a ke nema, akwai mai shafa tawadar ya bar maganin a jaka. In aka ce albashinsa ko yabonsa yana rataye da yawan lambar da ya rubuta, lamba za ta yi ta hauhawa ko yara ba su zo ba. An ga wannan ƙarara a binciken gida gida na 2016 zuwa 2017. Takardun da asibitoci ke aikawa suna nuna fiye da yara 90 cikin 100 sun sami allurar nan mai kare cuta biyar har sau uku, amma da aka shiga gidaje aka tambayi iyaye aka duba kati, sai aka tarar 33 ne kacal cikin 100 a ƙasa baki ɗaya. A 2017 Gwamnatin Tarayya ta ce al'amarin ya zama na gaggawa. Yaran da ke tsakanin 33 da 90 ba a takarda suka tsaya ba, suna nan suna girma ba kariya. Cikin cututtuka biyar ɗin akwai mashaƙo, shi ne kuwa ya tashi a Kano a ƙarshen 2022, ya bazu, ya taɓa Kafanchan a 2023, mafi yawan waɗanda ya kama kuma yara ne da ba su sami cikakken rigakafi ba.

Matsalar kudancin kogi

Ko da kowa ya rubuta gaskiya, akwai sauran rina a kaba. Tsarin da a ke bi shi ne, ko wane asibiti ya cika rajistarsa kullum, ƙarshen wata ya tattara a takarda ɗaya, jami'in ƙaramar hukuma ya shigar a manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke kula da ita, aka kuma amince da ita a 2013 ta zama ma'ajiyar lissafin lafiya ta ƙasa duka. Manhajar tana raba yawan waɗanda aka yi wa allura da yawan waɗanda ya kamata a yi wa. Na farkon daga rajista ya ke fitowa. Na biyun kuwa kintace ne: a ɗauki ƙidayar 2006, a ƙara mata wani abu ko wace shekara, sa'an nan a ce huɗu cikin ɗari na jama'a su ne jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya, biyar cikin ɗari masu ciki, ashirin cikin ɗari 'yan ƙasa da shekara biyar. Ƙidayar da aka shirya yi a 2023 ɗage ta aka yi.

A ƙauyen da mutanensa ke zaune wuri ɗaya kintacen ba ya yin nisa da gaskiya. A kudancin Kaduna kuwa ya kan ɓace ƙwarai. Bayan tarzomar 2000 da ta 2002 dubban iyalai sun ƙetare kogi, waɗansu suka yi kudu, waɗansu suka yi arewa, kowa ya nemi inda hankalinsa zai kwanta. Bayan haka rashin zaman lafiya a ƙauyukan Chikun da Kajuru ya turo waɗansu cikin gari, filayen da dā gonaki ne suka zama layuka. A ɗauki misali, ba na wata mazaɓa takamaimai ba. In takarda ta ce mutum 25,000 ne, za a sa ran jarirai 1,000, a aiko da magani da sirinji na 1,000. In kuwa ainihin mutanen sun kai 50,000, jarirai 2,000 ke nan. Ma'aikaciya ta yi wa 1,000, ba ta yi ƙarya ko ɗaya ba, manhaja ta nuna ɗari bisa ɗari, a yaba mata a Kaduna, alhali yara 1,000 suna nan ba wanda ya san da su.

Ga kuma maganar iyaka. Kakuri da Makera da Barnawa suna cikin Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu, wadda duk da sunanta ta haɗa har da Tudun Wada a ƙetaren kogi. Nasarawa da Narayi da Sabon Tasha kuwa na Chikun ne, mai hedkwata a Kujama. Matar Nasarawa ba ruwanta da wannan, asibitin da ya fi kusa ko ya fi kirki za ta, ta goya ɗanta ta tafi Kakuri. Sai a rubuta allurar a lissafin wata ƙaramar hukuma, yaron kuwa yana cikin kintacen wata. Can lamba ta haura ɗari, nan ta faɗi, a zo ana tuhumar wanda bai yi laifi ba. Tsarin haraji bai san wannan wahala ba, domin mutum a garinsa ya ke biya. Tsarin banki ne ya san maganinta, watau lamba ɗaya mai bin mutum duk reshen da ya je, kamar lambar BVN da aka fara a 2014 ko lambar ɗan ƙasa. Masana suna ta ƙoƙarin kawo irin wannan cikin aikin asibiti, a nan kuwa wajibi ne a yi taka tsantsan, gama ciwon mutum ya fi kuɗinsa bukatar sutura. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana bayyana labarin majinyaci ba da izninsa ba sai bisa sharuɗɗan da ta ambata, dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta ƙara ƙarfafa wannan. A Barnawa akwai asibitin masu taɓin hankali na Tarayya. Kowa ya san abin da zai sami auren yarinya ko aikin magidanci in sunansa ya fita daga can ya shiga bakin unguwa. Magatakarda da sunayen mutane suka biyo ta hannunsa amana ce ya riƙe, ba ya karanta wa abokan hira, ba ya ɗaukar hotonta ya tura a waya.

Abin da ya rage a hannun sarauta

Maganin kintace shi ne ƙirga, ƙirgan jarirai kuwa ba wanda ya fi mai unguwa iya shi. A unguwannin Musulmi ba a yin suna bai ji ba, wanzami da ungozoma da liman duk sun riga likita sani. A unguwannin Kirista, waɗanda su ne da yawa a wannan ɓangare na gari, limamin coci da shugabar zumuntar mata sun san ranar da aka kawo jariri domin addu'a. A watan Janairu na 2016 Gwamnatin Jihar Kaduna ta sa hannu a yarjejeniyar rigakafi da gidauniyar Dangote da ta Bill da Melinda Gates, cikin abin da ya biyo baya kuwa har da mayar da wannan tsohuwar hanya bakin aiki: mai unguwa ya rubuta ko wane jariri, ya tura iyayen asibiti, a kuma zauna a gwada littafinsa da rajistar asibiti. Jihar tana da mazaɓu 255 a ƙananan hukumomi 23, an kuma tsara ko wace mazaɓa ta sami asibitinta guda na matakin farko, saboda haka ko wane mai unguwa yana da inda zai kai littafinsa.

Tsohon littafin haraji ke nan aka juya shi. Hanyar ita ce dai ta dā, daga mai unguwa zuwa dagaci zuwa Hakimi, amma wanda a ke nema yanzu shi ne wanda dā ba a kula da shi, kuma ba a karɓar ko kwabo. Wannan na ƙarshe ya kamata Hakimi ya sa a faɗa a masallaci da coci har kunne ya gaji, ya kuma sa ido kada wani ɗan aike ya mai da rubuta suna hanyar neman na goro, domin ran da aka karɓi naira ɗaya a kan wannan littafi ya koma na haraji a idon talaka. Haka nan takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, wadda dokar 1992 ta wajabta a yi cikin kwana 60, ta fi sauƙin samu in sunan ya riga ya shiga littafin unguwa.

Aikin magatakarda a ƙarshen wata ba shi da wuya, sai dai yana son haƙuri. Ya karɓi littattafan masu unguwa, ya duba ko an sa ranar haihuwa da sunan uwa da na uba da kwatancen gida, gama a Romi ko Gonin Gora "gidan Baban Ladi" ba ya isa kwatance, sai an ce bayan wace makaranta, kusa da wace rijiyar burtsatse. Ya zauna da mai kula da asibitin mazaɓa su bi suna suna. Wanda aka samu a littattafan biyu, a yi masa alama. Wanda ke littafin unguwa ba ya rajistar asibiti, a tambaya ko an kai shi wani wuri ne, in an ce Kakuri aka kai shi ko Barau Dikko a ƙetare, a nemi katin a gani da ido a rubuta. Wanda ya rasu a rubuta ya rasu, da kwanansa nawa a duniya, ko da iyaye ba su so a tuna musu, a yi ta'aziyya tukuna sa'an nan a tambaya. Wanda suka tashi a rubuta inda suka koma. Wurin da ba a sami labari ba a bar shi fari, kada a cika shi da ka don takarda ta yi kyau. Sauran sunayen da suka rage, su ne za a mayar wa mai unguwa ya bi gida gida kafin ranar allura ta mako mai zuwa, kwafi ɗaya kuma ya zauna a ofishin Hakimi.